Wat Ɗari a Kan Gawo

Kowane gari yana da mutum guda wanda ya taɓa gyara tocila, tun daga ranar kuma ya daina ganin kowa da gashi a ka. A Dungas ni ne wannan mutumin. Tocilar ta surukata ce, ciwonta kuwa tsatsa ce ta kama gindin batir. Na kankare da wuƙa, na danna, ta kawo. Tsohuwa ta yi ta sa mini albarka, har da cewa da an bar ni na yi nisa a boko da yanzu ni ke ƙera jirgin sama. Ita ta faɗa ta manta. Ni kuwa na riƙe, don ban ga ƙarya a ciki ba. Aikina koyarwa ne a firamare, alli da allo, yara suna ce mini Mushe, amma a zuci na daɗe da sanin cewa ƙasa ta yi asarar injiniya.

Abin ya yi shekaru yana kwance, sai daminar 2023 ta tashe shi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyaka, a farkon Agusta kuma Najeriya ta katse wutar da take sayar mana, wadda a lokacin ita ce wajen kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke amfani da shi. Mutanen Yamai da Maraɗi da Damagaram suka yi ta kururuwa a rediyo. Mu nan ƙasar Magarya da Dungas duhu ba baƙo ba ne, don haka kowa ya yi abin da ya saba. Masu cajin waya a bakin kasuwa suka ƙara farantin sola a kan rumfa, magidanta suka sayi ƴan fitilun nan na Chana masu ɗan faranti a baya, a shanya su da rana tare da wanki, a kunna da magariba. Maiɗakina ma ta sayi biyu. Suna ci lafiya lau, yara suna karatu da su, tana tuƙa tuwo da su. Ni ne dai na kasa kallonsu ban taɓe baki ba. Wat uku! Mutum irina, a cikin gidansa, wat uku.

Sai na faɗa YouTube. Dare ya yi in hau katangar bayan gida inda rezo ya fi kamawa, in yi ta ƙona data ina kallon wani mutumin Indiya yana haɗa fitilar da ke haska filin ƙwallo. Ba na jin yarensa, amma wannan bai dame ni ba, mu injiniyoyi muna gane juna. Akwai wani wuri a tsakiyar bidiyon da yake ajiye kayan aiki, ya ɗauko biro da takarda, ya yi ta rubuta lambobi yana surutu. Wannan wurin nakan tsallake shi saboda tsadar data. Inda nake so shi ne ƙarshe, inda yake danna maɓalli, dare ya koma rana, ƙannensa su ɗauki ihu.

Da aka buɗe iyaka a watan Maris 2024, na sayar da riɗin da aka ajiye don ɗinkin Sallar yara. Lokacin naira ta faɗi warwas, duk mai ƴan jakunkunan sefa a aljihu Alhaji ne a Kano. Na rubuta takarda na ba wani direba da ke bi ta Maigatari da Gumel ya shiga birni: farantin sola ɗaya, ƙwan led mai wat 100 guda biyu, da ƴar na'urar nan mai ɗaga ƙarfin wuta da na gani a hannun Ba'indiye. Direba yana isa kasuwar Sabon Gari sai ga kiransa.

“Mushe, mai shago ya ce a tambaye ka, ina regilata? Ina ƙarfen sanyaya ƙwai da fankarsa? Ya ce ko fis ba ka rubuta ba.”

Na yi dariyar manya. Na san abokan wasan namu Kanawa, ka je sayen allura su haɗa ka da keken ɗinki. Na ce a gaya masa da injiniya yake magana. Tsakanina da kai mai karatu, abin da ya sa na ƙi su a fili yake: cikin ukun nan babu wanda ke haske. Wa zai wuce ƙofar gidanka ya ce kai, dubi fis ɗin Mushe?

Kaya suka iso. Ƙwan ɗan fallen ƙarfe ne mai kusurwa huɗu, tsakiyarsa rawaya, ko kwalba babu. Na ciro batirin babur ɗina na jona masa kai tsaye, na kau da fuska ina jiran abin mamaki. Shiru. Na juya wayoyin, shiru. Nan take na yanke hukuncin cewa Kano ta cuce ni, na naɗe shi a hankici na nufi kasuwa wurin mai gyaran rediyo don ya zama shaida.

To, mai gyaran rediyon nan ɗalibina ne. Ba ma ɗalibi kawai ba, shi ne yaron da nake sa wa gwale-gwale a gaban aji saboda ya kasa haddace jadawalin sau, wanda na taɓa gaya wa mahaifinsa cewa a nema masa sana'a don kansa ba ya ɗaukar lissafi. Yana ganina ya miƙe, ya kaɗe benci ya ba ni, ya karɓi ƙwan da hannu biyu ya juya shi.

“Mushe, ai lafiyarsa ƙalau. Ƙananan ƙwayoyi ɗari ne a ciki, layi goma, kowane layi guda goma a jere. Kowace ƙwaya tana son bolt uku da ɗan ɗori. Goma sau uku kuwa...”

Ya yi shiru yana dubana. Sai da na ɗan jima kafin na gane jira yake in ba da amsa.

“Talatin,” na ce, da wata murya da ban san ina da ita ba.

“Madalla, Mushe. Batirinka kuwa sha biyu ne, shi ya sa bai ko motsa ba. Aikin ƴar na'urar da ka bari a gida ke nan, ta ɗaga sha biyu zuwa talatin da ƴan kai. Sai dai wat ɗari in ka raba da sha biyu, amper takwas ne da wani abu, da asarar da ake yi a hanya ya kusa goma. Batirin babur ko sa'a guda ba zai yi ba. Kuma wajen rabin wutar ko fiye zafi take zama, in ba a manna ƙwan a jikin ƙarfe mai haƙarƙari da fanka ba, zai ƙone kafin ka gama salati.”

Wato duk abin da Ba'indiye yake rubutawa a wurin da nake tsallakewa, shi ne yaron nan ya karanta mini a tsaye, a gaban masu jiran caji, kyauta. Na miƙe na dafa kafaɗarsa na ce ya yi ƙoƙari, amma akwai abubuwan da sai mutum ya girma yake ganewa.

Ina isa gida na jona na'urar, na murɗa ɗan kusoshinta, na sunkuya na zuba wa ƙwan ido daga tazarar taƙi ɗaya don kada komai ya wuce ni. Babu abin da ya wuce ni. Ban san farin da ya fi wannan ba, kuma ba na fatan in sake saninsa. Kafin in laluba wayar in cire, wani siririn hayaƙi ya tashi, rawayan ya koma baƙi, ƙwai na farko ya riga mu gidan gaskiya. Ni kuma ya bar mini wani koren tabo a tsakiyar ido, duk inda na duba yana nan. Da la'asar na miƙa wa maƙwabcina hannu a inda ba ya tsaye, na fito masallaci da takalmin wani, ƙafa ɗaya tawa, ɗaya ta mai shayi.

Labarin batirin babur gajere ne. Faranti irin nawa, ko da an rubuta masa bolt 12, in rana ta take yakan kai 21 ko fiye, batir kuwa in ya wuce 14 da ɗan abu ruwansa tafasa yake yi. Regilata ita ce mai tsayawa tsakani ta ce ya isa. Ni na jona su baki da baki a zafin watan Afrilu na tafi makaranta. Na dawo na tarar tsakar gida tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, batir ya kumbura kamar ƙosai a cikin mai, uwargida ta kwashe yara ta koma zaure. Tun daga lokacin babur ɗina da ƙafa ake tayar da shi.

Saura ƙwai ɗaya, kuma yanzu na yarda yana son ƙarfe, don da idona na gani, ko in ce da abin da ya rage na idona. Ƙarfe mai haƙarƙari dai babu a gidana. Abin da ke akwai shi ne tukunyar dalmar uwargida, babbar nan mai kauri ta kayan ɗakinta, wadda ba a sauke ta sai da suna ko Sallah. Na lura cikinta ma zai tattara haske ya watso shi gaba, jifa ɗaya tsuntsu biyu. Ranar da ta tafi barka na sauke ta, na huhhuda gindinta da ƙusa, na ɗaure ƙwan a ciki. Akan shafa wani farin mai na musamman tsakanin ƙwai da ƙarfe don zafi ya ratsa. Nawa farin man na goge baki ne. Fari dai fari ne. Na gwada na ɗan lokaci a ɗaka, ya ci bai ƙone ba, ɗakin ya ɗauki ƙamshin na'ana'a. Da ta dawo ta ga tukunyar, ba ta yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ta ce, “Malam, Allah ya sa abin da kake nema yana cikinta,” ta shige.

Bayan Babbar Sallah aka sa bikin ƴar yayana, za a kai ta Dogo-Dogo. Yaya yana lissafin kuɗin hayar janareta da na mai, na ce, “Haba Yaya, ina raye za ka ba wani kuɗin haske?” Ya dube ni ya daɗe. Ya san ni tun ina tsumma, amma tsadar biki takan sa mutum ya yarda da abin da bai yarda da shi ba.

Ranar kai amarya aka yi ruwa mai ƙarfi da azahar, irin na farkon damina, gari ya yi sanyi, kowa yana cewa amarya mai goshi ce. Ni tunanina yana kan gawon da ke ƙofar gidan Yaya. Wanda ya san ƙasarmu ya san gawo, shi ne ya cika gonakin Magarya da Dungas tun da manoma suka koma barin tsironsa, kuma shi ne itacen da ke zubar da ganye da damina lokacin da kowa ke tohowa. Babu ganyen da zai tare mini haske ke nan. Na hau da kaina, cikin babbar rigar da na ɗinka don bikin, don ban yarda wani yaro ya taɓa mini tukunya ba. Gawo kuwa ganye yake zubarwa, ba ƙaya ba. Na sauko hannun riga ɗaya ya rabu biyu, na yafa shi a kafaɗa, ya zama salo.

Saura batir. Motar da za ta kai amarya tana ajiye a gefe, direban yana cin tuwo. Na durƙusa kusa da shi na ce, “Ɗan'uwa, aron batir, sa'a ɗaya kawai.” Ya ce batirin tsoho ne. Na ce tsoho ai shi ya san hanya. Farantin sola kuma, tunda ba shi da aiki da dare, na jingina shi a gindin gawo yana kallon jama'a, na tura wayarsa cikin yashi, don kowa ya san wannan haske na rana ne.

Bayan isha'i mutane suka cika, maza a tabarmi, mata ta wajen zaure, aka fito da tuwo da fura. Na nemi a yi shiru. Na yi ɗan jawabi, na gaya musu cewa wannan irin ƙwai asalinsa shuɗi ne aka shafe shi da rawaya ya ba da fari, kuma mutum uku ƴan asalin Japan da suka gano shuɗin, Akasaki da Amano da Nakamura, an ba su kyautar Nobel a 2014. Ban ce ni ne na huɗu ba, na dai bar wurin a buɗe. Sannan na haɗa waya.

Mai karatu, bari in tsaya a nan kaɗan, don wannan ne rabona. Unguwa ta yi fari tas. Aka ɗauki kabbara, mata suka rangaɗa guɗa, jakin maƙwabta ya yi kuka, wani zakara ya yi cara. Maroƙi ya bar kirarin ango ya dawo kaina: Mushe mai rana a aljihu, Mushe ƙanen Alhaji, gagara duhu! Na zaro kuɗin da na ware don gudummawa na manna masa a goshi. Har na hango ɗalibin nan nawa a bayan taro, na ɗaga masa hannu don ya koyi wani abu. Shi kuwa ba ni yake kallo ba, sama yake kallo.

Abu na farko da na lura shi ne haske irin wannan ba ya rufa asiri. Kwalliyar da ƴan mata suka yi da lissafin hasken tocila ta fito ɓaro-ɓaro, suka ja mayafi. Wani dattijo ya lanƙwashe ƙafa ya ɓoye facin wandonsa. Mafi muni, kowa ya ga adadin naman da ke cikin miya, wanda Yaya ya tsara shi a kan cewa duhu zai taimaka. Na ga ya harare ni, na ɗauka alfahari ne.

Sai shinge ya iso. Duk ɗan ƙauye ya san in aka yi ruwan farko da rana, da dare shinge zai fito, kuma ya san ƙwaro haske yake bi, balle mai shuɗi a ciki. Ni da na yi jawabi a kan shuɗin ban haɗa biyun ba. Da fari ɗaya-ɗaya, sannan goma-goma, can sai ka ce duk surin da ke tsakanin Dungas da iyaka an aika masa goron gayyata. Suna bugun tukunya suna zubowa, fukafukai suna sauka a miya, a fura, a rawanin liman, a bakin maroƙi yana tsakiyar kirarina. Buzuzu ya biyo baya, shi kuma ba ya sauka, faɗowa yake yi, tim, cikin ƙwaryar wani baƙo daga dangin ango. Yaran unguwa kaɗai suka ga alheri. Suka ruga gida suka ɗauko kwanoni da ruwa, suka kutsa tsakanin manyan baƙi suna kamun shingen suya, suna tattake tabarmi suna yi mini addu'a. Kwaɗi suka ji labari, suka fito daga kududdufi sahu-sahu suka shiga tsakanin ƙafafun jama'a. A sama kuma hasken ya fara komawa shuɗi-shuɗi, ƙamshin na'ana'a da na gasasshen ƙwaro yana saukowa, alamar man goge baki ya gama nasa aikin.

Inda kwaɗi suka taru, kowa ya san wa ke biyo su. Don haka da wata mata ta ji abu mai sanyi, dogo, ya taɓa mata ƙafa, ba ta tsaya bincike ba. “Maciji!” Wuri ya watse. Wani jarumi cikin abokan ango ya fizgo adda, ya hango baƙin abu kwance a yashi ya miƙe zuwa gindin gawo, ya sara da iyakar ƙarfinsa. Wayata ce. Tartsatsi ya tashi, adda ta haɗa baki biyu, robar wayar ta fara narkewa, don abin da ake sa wa ya tsinke a irin wannan lokaci shi ne fis, fis kuma yana Sabon Gari. Ɗalibina ne ya yi tsalle ya fizge kan batirin. Duhu ya rufe, irin wanda ban taɓa gani ba, saboda idon kowa ya saba da rana. Ana karo, ana salati, ƙwarya tana fashewa. Can sai ƴan fitilu suka fara kunnuwa ɗaya bayan ɗaya daga cikin jakunkunan mata, masu wat uku-uku. Da su aka tattara takalma, da su aka gano liman.

Yaya bai ce mini komai ba, ya ce a fito da amarya a tafi tun dare bai yi nisa ba. Aka mayar da batir, aka shigar da ita tana kuka, ƙawaye suka cika mota, direba ya murɗa makulli. Ƙir. Ya sake. Ƙir, sannan ko ƙir ɗin babu. Sa'a ɗayata ta zama kusan uku, amper goma-goma, a jikin tsohon batir. Direba ya leƙo ta taga yana neman fuskata da tocila. A nan ne Yaya ya yi magana, a hankali, a gaban surukai: “Injiniya, zo ka tura.”

Na tura. Cikin jiƙaƙƙen yashi, da rigar da ta rage hannu ɗaya, ni da abokan ango da jarumin mai adda, amarya tana ciki ta daina kuka, ina jin ƙawayenta suna ƙyaƙyatawa. Muka wuce masallaci, muka wuce rumfar mai shayi, wanda ya tambaye ni ko takalmin wa na sa yau. Wajen gangaren bakin gari motar ta yi tari ta kama, ta zabura ta bar ni da hannuwa a miƙe, na kifa da fuska cikin taɓo. Maroƙin nan yana tsaye a gefe da kuɗina a aljihunsa, bai ce uffan ba.

Washegari yara suka kawo mini kwano guda na soyayyen shinge, tukuicin abin arziki, kuma gaskiya ya yi daɗi. Tukunya ta sauko daga gawo da kyar. Uwargida ta kankare ƙonannen ƙwan, ta ƙara mata huji, yanzu da ita take turara dambu, in baƙi suka yaba sai ta ce aikin Malam ne. Farantin yana kan rumfar ɗalibina, ya sa masa regilata da fis, yana cajin wayoyin rabin unguwa, tawa kyauta. Kuɗin batirin direba kuma ina biya wata-wata.

Na sake duba bidiyon, har wurin biro da takarda, na gano cewa matsalar duka ta fanka ce. Na aika Kano an kawo fankar, da sabon ƙwai, wannan karon mai wat 200, tunda ga abin sanyaya shi. Abin da ya rage batir ne, kuma duk masu mota a Dungas sun daina amsa sallamata da magariba. In kana da wanda ba ka amfani da shi da dare, don Allah ka yi mini magana. Sa'a ɗaya kawai.